Tsaunukan Ƙanƙara Da Biranen Malamai: Yadda Ziyarar Ƙasashe Huɗu Na Tsakiyar Asiya Take

A 'yan shekarun nan kamfanonin shirya tafiye-tafiye sun ƙara mayar da hankali ga wata irin ziyara da ke haɗa ƙasashen Kazakistan da Kirgistan da Tajikistan da Uzbekistan a tafiya guda, ƙarƙashin jagora, cikin mako biyu zuwa uku. Galibi ana farawa ne daga Almati ko Bishkek, a gindin tsaunukan Tiyan Shan, a ƙare a Bukhara ko Khiva, a bakin hamada. Rabin farko na tafiyar duwatsu ne da tafkuna da makiyaya. Rabi na biyu kuwa masallatai ne da makarantu da kaburburan malaman da sunayensu ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya.

Mai duba takardar tallar irin wannan tafiya zai iya zaton an haɗa abubuwa biyu ne da ba su da dangantaka, domin kawai a cika kwanaki. Amma akwai abin da ya ɗaure su tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, wato ruwa. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa aka jera zangunan tafiyar yadda aka jera su, da dalilin da ya sa iyakokin ƙasashen kan buɗe su kuma rufe.

Ruwan da ya raya biranen

Bukhara ba ta samun ruwan sama da ya kai milimita 200 a shekara, wato ƙasa da abin da kan sauka a Kano cikin watan Agusta kaɗai. Ɗan abin da take samu ma tsakanin Disamba da Afrilu yake zuwa. Daga Yuni zuwa Satumba sama a bushe take. Abin da ya raya birnin shekaru fiye da dubu biyu shi ne kogin Zarafshan, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin wata daskararriyar ƙanƙara a tsaunukan Tajikistan, ya gangaro yamma ta garin Panjakent, ya shiga Uzbekistan, ya bi ta gefen Samarƙand, ya nufi Bukhara. Tsawonsa ya kusa kilomita 900. Sunan nasa da harshen Farisa na nufin mai watsa zinariya.

A ƙasar Hausa kogi na cika ne da damina. Can kuwa lamarin a juye yake, domin kogi na tumbatsa ne a watannin da suka fi zafi da bushewa, lokacin da rana ke narkar da ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu. Daidai lokacin da manomi ya fi bukatar ruwa, dutse ke sakin nasa. A kan haka noman yankin ya ginu, na alkama da auduga da inabi da kankana. Manyan koguna biyu na yankin ma haka suke: Amu Darya, wanda Larabawa ke kira Jaihun, daga tsaunukan Pamir yake fitowa, shi kuma Sir Darya, Saihun a littattafan Larabci, daga Tiyan Shan. Ƙasar da ke ƙetaren Jaihun ita ce ɗaliban tarihin Musulunci suka sani da Ma Wara'an Nahar, wato abin da ke bayan kogi.

Fatake ma hanyar ruwan suka bi. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sanya zirin Zarafshan zuwa hamadar Karakum, mai tsawon kilomita 866 da ya ratsa Tajikistan da Uzbekistan da Turkumenistan, cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a matsayin ɗaya daga rassan tsohuwar Hanyar Siliki da ta haɗa ƙasar Sin da Farisa da Sham.

Me ya sa sai da madugu

Fataken ƙasar Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai da madugu, wanda ya san zango, ya san sarakunan hanya da abin da ake ba kowannensu. Aikin jagoran wannan tafiya bai yi nisa da haka ba. Ƙasashe huɗu ne, kowace da kuɗinta: tenge a Kazakistan, som a Kirgistan, somoni a Tajikistan, sum a Uzbekistan. Harsunan uku daga cikinsu dangin Turkanci ne, na Tajikistan kuwa Farisanci ne. Rashanci ne harshen da ke haɗa kowa, kuma yawancin alamomin hanya da takardun abinci da baƙaƙen Rashanci ake rubuta su, in ban da Uzbekistan inda ake amfani da boko tare da su. Da an bar manyan otal-otal, mai jin Turanci sai an tona.

Tsarin da aka saba shi ne shugaban ayari ɗaya ya kasance tare da matafiya daga farko zuwa ƙarshe, sannan a kowace ƙasa a samu ɗan gari mai bayani da direbobi na gida. A kan iyakokin ƙasa mota ba ta cika ƙetarewa ba. Fasinjoji kan sauka, kowa ya ja jakarsa da ƙafa ya bi layin jami'an shige da fice na ɓangarorin biyu, sannan a tarar da wata motar tana jira a ƙetare. In ba a tsara wannan da kyau ba, ayari na iya shafe rabin yini a rana.

Su kansu iyakokin na da tarihin da ya kamata a sani. Mahukuntan Tarayyar Sobiyet ne suka shata su tsakanin 1924 da 1936, a matsayin iyakokin jihohi cikin ƙasa guda, ba tare da tunanin wata rana za a kafa shingaye a kansu ba. Da tarayyar ta rushe a 1991 sai suka zama iyakokin ƙasashe. Samarƙand da Bukhara, inda jama'a da yawa ke magana da Tajikanci a gida, suka faɗa Uzbekistan. A kwarin Fargana kuwa aka bar wasu garuruwa, irin su Sokh da Vorukh, tsundum cikin ƙasar da ba tasu ba.

Tsakanin Samarƙand da Panjakent bai wuce kilomita 60 ba, kuma kogi ɗaya suke sha, amma an rufe mashigar da ke tsakaninsu a 2010. Ɗaya daga manyan dalilan tsamin dangantakar shi ne madatsar ruwan Rogun da Tajikistan ke ginawa a kan kogin Vakhsh: ƙasar da ke sama na son tara ruwa ta sake shi lokacin sanyi domin wutar lantarki, ta ƙasa kuwa na son sa lokacin zafi domin auduga. Sai a watan Maris na 2018, bayan hawan Shugaba Shavkat Mirziyoyev mulki a Uzbekistan, aka sake buɗe mashigar, kuma daga nan ne haɗa tsaunukan Tajikistan da Samarƙand a tafiya guda ya zama mai sauƙi. Tsakanin Kirgistan da Tajikistan abin ya fi muni, domin an gwabza faɗa a watan Afrilun 2021 da Satumban 2022 a kan filaye da ruwan ban-ruwa, aka yi asarar rayuka, iyaka ta kasance a rufe. A ranar 13 ga Maris, 2025 shugabannin ƙasashen biyu, Sadyr Japarov da Emomali Rahmon, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar shata iyaka a Bishkek, mashigai suka buɗe, jiragen sama suka koma tashi tsakanin manyan biranensu.

Zangunan dutse

Almati, wadda ta kasance babban birnin Kazakistan har zuwa 1997, kan ci kwana ɗaya ko biyu. Ana hawa zuwa Medeu da Shimbulak a kalli birnin daga sama, wasu kuma su je kwazazzabon Sharin, kimanin kilomita 200 gabas. A dazuzzukan gindin waɗannan duwatsu ne masana suka gano kakan tuffar da ake ci a duniya yau.

Kirgistan ce zuciyar wannan ɓangare. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙasar tsaunuka ne. Daga Bishkek akan bi gabas, a tsaya a hasumiyar Burana kusa da garin Tokmok, wadda ita ce abin da ya rage na birnin Balasagun na ƙarni na 11. A da ta kai mita 45, girgizar ƙasa ta rage ta zuwa kimanin 25. Daga nan sai tafkin Isik-Kul, mai tsawon kilomita 180 da ɗoriya da zurfin mita 668, a tudun da ya kai mita 1,600 sama da teku. Ko da yake ƙanƙara ta kewaye shi, ba ya daskarewa, saboda zurfinsa da ɗan gishirin da ke cikinsa, shi ya sa ake kiran sa tafki mai ɗumi.

Wurin da matafiya suka fi tunawa shi ne Song-Kul, wani tafki a tudu mai tsayin mita 3,016, inda babu gari, babu itace ko ɗaya, sai ciyawa shimfiɗe har gindin duwatsu. Daga watan Yuni makiyaya kan hau da dawakai da tumaki da shanu, su kafa zagayayyun tantunansu na ulu, su zauna har Satumba, sannan su sauka kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Duk wanda ya san yadda Fulani ke tafiya mashekari zai gane tsarin nan take, sai dai su can hawa da sauka suke yi maimakon kudu da arewa. Baƙi kan kwana a irin waɗannan tantuna, mutum huɗu ko biyar a ɗaya, da murhun ƙarfe a tsakiya da ake hura wa busasshen kashin shanu. Ko a watan Yuli ruwa na iya daskarewa a bokiti da asuba. Banɗaki a waje yake, kuma wayar salula ba ta cika samun layi ba. Kuɗin kwanan kan shiga hannun iyalan makiyayan ne kai tsaye, bisa wani tsarin yawon buɗe ido na al'umma da ya fara a garin Kochkor wajen shekarar 2000.

Mai masauki zai miƙa wa baƙo kumis, wato nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami. Yana da ɗan sinadarin sa maye, kuma ba laifi ba ne a taɓa kwanon da hannu a yi godiya a mayar. Haka naman doki ke cikin manyan abincin Kazakistan da Kirgistan. Wanda ba ya ci sai ya sanar da jagora tun farko.

A nan ne batun lafiya ke shigowa, kuma ya fi shafar matafiyin Najeriya fiye da yadda takardun talla ke nunawa. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne, Jos kuwa kimanin 1,200. Ke nan wanda ya kwana a Song-Kul ya kwana a tsayin da babu irinsa a ƙasarsa. Daga mita 2,500 iska na yin ƙaranci, jiki na iya amsawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, kuma ƙarfin jiki ko ƙuruciya ba sa hana shi. Maganinsa hawa a hankali, in kuma ya tsananta a sauka nan take. Kyakkyawan tsari kan sa a kwana biyu ko uku a Isik-Kul kafin a hau sama. Tsarin da ya ɗauki mutum daga filin jirgi ya kai shi mita 3,000 washegari abin gudu ne. Masu cutar sikila na cikin haɗari na musamman a irin wannan tsayi, kuma ko masu rukunin jini na AS, waɗanda ba sa jin komai a gida, an san saifarsu na iya samun matsala idan iska ta yi ƙaranci. A ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan lalura a duniya, ganin likita kafin biyan kuɗin tafiya wajibi ne.

Daga Kirgistan akan tashi a jirgi zuwa Dushanbe. Kashi 93 cikin ɗari na Tajikistan duwatsu ne, ciki har da ƙololuwar Isma'il Somoni mai mita 7,495. Hanyar mota daga Dushanbe zuwa arewa na bi ta ramin Anzob, mai tsawon kilomita biyar a cikin dutse, ta ɓulla tsaunukan Fan. A nan akwai tafkin Iskandarkul, wanda mutanen wurin ke danganta sunansa da Iskandar, sarkin Girka da ya ci yankin da yaƙi, da kuma tafkuna bakwai na kwarin Shing, jere ɗaya bisa ɗaya, kowanne da launin ruwansa. Shahararriyar hanyar Pamir, wadda ke hawa har mita 4,655 a mashigin Ak-Baital, tafiya ce mai zaman kanta da ke bukatar takardar izini ta musamman da aƙalla mako guda. Kamfanin da ya ce zai cusa ta cikin mako biyu tare da sauran wuraren, a mota matafiyansa za su ƙare kwanakinsu.

A Panjakent dutse ke miƙa wa birni hannu. A gefen garin akwai kangon tsohon birnin mutanen Sugudu, manyan fataken Hanyar Siliki, wanda rundunar Larabawa ta ci a shekarar 722, da kuma Sarazm, matsugunin da ya haura shekara dubu biyar. Daga nan zuwa Samarƙand sa'a ɗaya ce da 'yan mintuna, ban da jiran kan iyaka.

Samarƙand da kabarin da ba a Bukhara yake ba

Rundunar Jankiz Khan ta rushe tsohuwar Samarƙand a 1220, kuma tudun da ake kira Afrasiyab ne kangonta. Birnin da ake gani yau na Taimur ne, wanda ya mayar da shi fadarsa, ya kwaso magina daga ƙasashen da ya ci da takobi, ya rasu a 1405. Kabarinsa na ƙarƙashin shuɗiyar ƙubbar Gur Amir. A tsakiyar birnin filin Registan yake, wanda makarantu uku suka kewaye: ta Ulug Beg, da aka gina tsakanin 1417 da 1420, da Sher-Dor da Tilla-Kari, waɗanda suka biyo baya bayan shekara ɗari biyu.

Ulug Beg jikan Taimur ne, sarkin da ya fi son lissafi da sarauta. Ya gina ɗakin nazarin taurari a kan wani tudu, inda shi da malamansa suka tsara jadawalin taurari 1,018 ba tare da madubin hangen nesa ba, suka kuma auna tsawon shekara da kuskuren da bai wuce kimanin minti ɗaya ba. An kashe shi a 1449 da umarnin ɗansa, ginin ya rushe har aka manta inda yake, sai a 1908 wani masanin tarihi ɗan Rasha, Vasily Vyatkin, ya tono ɓangaren ma'aunin da ke ƙarƙashin ƙasa. Shi ne ake nuna wa baƙi yau. A unguwar kaburbura ta Shahi Zinda kuwa akwai hubbaren da ake danganta shi da Ƙusam ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW). Imam Maturidi, wanda ya rasu a 944, shi ma a birnin yake kwance.

Ya kamata jagora mai gaskiya ya faɗa wa baƙi cewa yawancin ƙyallin da ke ɗaukar ido gyara ne na zamanin Sobiyet da bayansa. Masallacin Bibi Khanum kango ne a farkon ƙarnin da ya wuce. Masana gine-gine na ƙorafin cewa wani gyaran ya wuce gona da iri, kuma a Shahrisabz, mahaifar Taimur, rushe tsofaffin unguwanni domin buɗe fili ga masu yawon buɗe ido ya sa UNESCO ta saka garin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 2016.

Ga mai karatun hadisi, zango mafi muhimmanci yana wajen gari. An haifi Imam Muhammad ɗan Isma'il al-Bukhari a Bukhara a shekara ta 194 bayan Hijira, daidai da 810. Bayan shekaru yana yawon neman hadisi a Hijaz da Iraƙi da Sham da Masar, ya koma gida. Gwamnan birnin, Khalid ɗan Ahmad, ya nemi ya riƙa zuwa fada yana karantar da shi da 'ya'yansa a keɓe. Malamin ya ƙi, a kan cewa mai neman ilimi shi ke zuwa wurin ilimi. Aka fitar da shi daga garin. Ya sauka wurin danginsa a ƙauyen Khartank, kimanin kilomita 25 daga Samarƙand, a can ya rasu a daren ƙaramar Sallah ta shekarar 256, wato 870. An gina babban hubbare a wurin a 1998, kuma gwamnati ta sake faɗaɗa shi a shekarun baya-bayan nan. Da yawa daga cikin tsare-tsaren da aka yi domin baƙi daga Turai ba sa biyawa ta nan, kuma wanda ya bari sai ya isa Bukhara sannan ya tambayi kabarin Bukhari ya riga ya baro shi da nisan kilomita kusan 300. Kabarin almajirinsa Imam Tirmizi kuwa yana can kudu, a yankin Tirmiz da ke kan iyakar Afganistan, kuma sai an ware masa kwana na musamman.

Bukhara da kududdufanta

Jirgin ƙasa mai sauri na Afrosiyob, wanda ya fara aiki tsakanin Tashkent da Samarƙand a 2011 ya kuma kai Bukhara a 2016, kan yi wannan zango cikin ƙasa da sa'a biyu. Bukhara ta fi Samarƙand riƙe kamanninta na da, kuma da ƙafa ake zagaya ta. Hasumiyar Kalon, da aka gina a 1127, ta haura mita 45, kuma tana cikin 'yan gine-ginen da suka tsira daga Jankiz Khan. A gabanta makarantar Mir Arab take, ta ƙarni na 16, wadda aka sake buɗewa a 1946 ta zama ɗaya daga wurare ƙalilan da aka yarda a karanta addini a duk faɗin Tarayyar Sobiyet. Har yau akwai ɗalibai a ciki. Hubbaren sarakunan Samaniyawa, na farkon ƙarni na 10, da jan bulo zalla aka yi shi, an saƙa shi kamar tabarma. Kasuwannin cikin gari na ƙarƙashin ƙubbobi ne masu sunan sana'a, ta maƙeran zinariya da ta 'yan canji da ta masu huluna, kamar yadda layukan Kasuwar Kurmi ke amsa sunan hajarsu. A wajen gari akwai hubbaren Shehu Baha'uddin Naƙshabandi, da ƙauyen Afshana inda aka haifi Ibn Sina a 980.

Ruwan Zarafshan kan shigo birnin ta magudanar Shahrud, a tara shi a kududdufai masu matakalar dutse a kowace unguwa. Daga su ake sha, kuma su ne suka sa Bukhara ta yi ƙaurin suna da kurkunu, har matafiyan da suka ziyarce ta a ƙarni na 19 suka yi ta rubuta labarinsa. A shekarun 1920 likitocin Sobiyet suka sa aka ƙafar da yawancin kududdufan aka cike su, aka kawo ruwan famfo, cutar ta ɓace a farkon shekarun 1930, fiye da shekara tamanin kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Najeriya ta rabu da ita a 2013. Labi Hauz, wanda aka haƙa a 1620, na cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma a bakinsa baƙi ke shan shayi da yamma.

Khiva na da nisan kimanin kilomita 450 daga Bukhara, ta cikin hamadar Kizilkum. Ƙaramin birni ne cikin ganuwar ƙasa, da masallacin Juma'a mai ginshiƙan itace fiye da 200. Kwana ɗaya ya ishe shi.

A yau Zarafshan ba ya kaiwa Amu Darya. Gonaki kan shanye shi, ragowar ta nutse a yashi bayan Bukhara, har sai da aka haƙa magudana a shekarun 1960 domin jawo wa yankin ƙarin ruwa daga Amu Darya da injuna. Shi kansa Amu Darya da ƙyar yake isa Tafkin Aral, wanda a 1960 shi ne na huɗu a girma a duniya, mai faɗin murabba'in kilomita 68,000, kafin noman auduga ya janye ruwan da ke shiga cikinsa. A garin Moinak jiragen kamun kifi na zaune kan yashi, abin da mutanen bakin Tafkin Chadi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kansa. Can sama kuma ƙanƙarar na ja da baya. Gwamnatin Tajikistan ta ce fiye da 1,000 daga cikin tarin ƙanƙara kimanin 14,000 da ke tsaunukanta sun riga sun ɓace, kuma bisa shawararta ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kare su.

Lokaci, biza da abin da za a tambaya

Dutse da birni ba sa son wata ɗaya. Hanyar Song-Kul a buɗe take daga Yuni zuwa Satumba kawai, a daidai lokacin da zafin Bukhara ke haura digiri 40. Afrilu da Oktoba sun fi daɗi a birane, amma a lokacin tudu a rufe yake. Saboda haka farkon Yuni da farkon Satumba ne suka fi dacewa, kuma jaka ɗaya za ta ɗauki rigar sanyi mai kauri da tufafin zafi.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa yankin. Ta Istanbul ko Doha ko Dubai ake bi. Musulmin yankin galibi 'yan mazhabar Hanafiyya ne, don haka kiran sallar la'asar kan yi jinkiri fiye da yadda mabiya Malikiyya suka saba, kuma jadawalin kamfani ba ya ware lokacin Juma'a sai an nema. Uzbekistan na sa ido sosai kan magunguna irin su kodin da tiramadol, kuma shiga da su ba tare da takardar likita ba na iya kai mutum hannun hukuma. Haka ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ke bukatar izini.

Kafin biyan kuɗi, yana da kyau a ga rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace ko farashin ya haɗa da jiragen cikin yankin, da tikitin Afrosiyob wanda kan ƙare makonni kafin ranar tafiya, da kuɗin shiga wuraren tarihi, da yawan mutanen ayarin, da inshorar da za ta ɗauki nauyin sauko da marar lafiya daga dutse. Wakilin da ya haɗa tallar ziyara da alkawarin samun aiki a can abin zargi ne, domin bizar yawon buɗe ido ba ta ba da izinin aiki.

Babu biza ɗaya da ta game ƙasashen huɗu. Mai fasfon Najeriya na bukatar ta kowace ƙasa daban, kowace da sharuɗɗanta da kwanakinta, wasu kuma kan nemi takardar gayyata daga kamfanin da ke cikin ƙasar, don haka shiri kan fara ne watanni kafin tashi. Sai kuma a ƙirga sau nawa hanyar ta shiga kowace ƙasa. Wasu tsare-tsaren kan kai matafiya tafkuna bakwai na Tajikistan daga Samarƙand da safe su dawo da su da dare. Wanda ke riƙe da bizar shiga Uzbekistan sau ɗaya tak, da zarar an buga masa hatimin fita a kan hanyar Panjakent, bizar ta ƙare, alhali kayansa na otal a Samarƙand.